Doña Chencha ta Bakin Ƙofa

Ƙarfe shida na safe Doña Crescencia Poot take fitowa daga gidanta a Piste. Rabon da wani ya kira ta da wannan dogon suna tun ranar aurenta, Chencha kowa yake cewa. Farar riga mai surfanin furanni a wuya, takalmin roba, da curin ƙullun masara naɗe cikin ganye a jaka. Ba ta hawa keke. A ƙasa take takawa har ƙofar kufan Chichen, tsohon birnin kakanninmu mai babbar dalar dutse da baƙi ke zuwa gani, ta gaisa da masu gadi, ta ɗauki bokiti biyu da mofa, ta wanke ban ɗakin mata, ta fito ta shiga na maza. Kafin a buɗe ƙofa ƙarfe takwas wurin ya bushe, ba wari, ba ƙuda. Shekara talatin da huɗu tana wannan, sai ƙarshen watan jiya ta ajiye bokitin.

Abin da aka ɗauke ta yi ke nan a takarda. Sauran ita ta ɗora wa kanta. Da baƙi sun fara shigowa sai ta jingina mofa, ta tsaya a inuwar bango tana dubansu, kuma ba fuska take fara kallo ba, ƙafa take kallo.

"'Yar nan, jiya kika sayi takalmin nan ko? Kafin ki kai filin ƙwallon mutanen da ya cinye miki dunduniya. Zo in liƙa miki filasta."

"Kai mai jan wuya, ina malafarka? A mota? Koma ka ɗauko. Dalar ba gudu za ta yi ba."

"Wannan 'yar robar ruwan ce ta ku huɗu? Tsuntsu za ku shayar?"

Harshenmu take ji da Sifaniyanci, shi ke nan. Amma da hannu da ido ta sa Bajamushe ya koma mota, ta sa Bajapane ya shafa man kare rana a bayan kunne. Shawararta ba ta da yawa, kuma ba ta taɓa canzawa ba. A zo da buɗe ƙofa, kafin manyan motocin da ke tasowa daga bakin teku su sauke mutane wajen sha ɗaya. A ɗauki hoto ɗaya a gaban babbar dala, kada a tsaya, a wuce wuraren nesa tun da sauran sanyi, a dawo ta bakin itatuwa. A sha ruwa kafin a ji ƙishirwa, a ci wani abu mai gishiri. Igiyar da aka kewaye gini da ita ba ado ba ce, kada a tsallake. Kada a saya a teburin farko, abin da ke kansa yana kan teburi ɗari a gaba. Wanda kuma ba ya son turmutsitsi, ya bar wa 'yan ƙasa Lahadinsu, ranar da suke shiga kyauta.

Mai son rubuta yabo yakan je wajen masoya ne, su cika masa kunne da abin da ya riga ya sani. Ni wajen Don Remigio Canul na je, domin duk garin nan babu wanda ya sa wa Chencha ido kamarsa, kuma ba don ƙauna ba. Shi da kansa ya ce in rubuta haka, kada in yi masa kwalliya.

Remigio jagoran baƙi ne, shekara talatin da ɗaya da kati a wuya. Harshe huɗu yake ji. Farar rigarsa ba ta fita gida sai ta sha guga, takalminsa kuma ana iya duba fuska a ciki. Ya san sunan kowane gini da shekarar da masu tonon tarihi suka tsabtace shi, ya san inda suka yi gardama da wanda ya ci gardamar. In ya tsaya a gaban dala ya tafa hannu, amsar ta dawo kamar kukan tsuntsu, sai ka ga bakin baƙi a buɗe. A ganinsa, duk wanda ya fita daga kufan nan da wani abu a ka, daga bakinsa ya samo.

To amma akwai littafin da baƙi ke rubutu a ciki a hanyar fita. Wata rana da ruwan sama ya hana aiki, Remigio ya zauna ya bi shi shafi-shafi, na shekara guda cur. Ya sami sunansa sau uku, ɗaya ma an ɓata rubutun. "Matar ban ɗaki" kuwa sai da ya gaji ya rufe littafin. Wannan ya ce ta hana shi faɗuwa, waccan ta ce ta tsinto mata uwarta tsohuwa da ta ɓace a cikin jama'a, wani ya ce in ka je, kafin ka nemi jagora ka nemi matar da ke riƙe da mofa. Abin ya tsaya masa a wuya, ya kwana uku abinci ba ya yi masa daɗi.

Da a ce wata ce can, da ya yi gulmarta a inuwar 'yan jagora ya huce. Sai dai Chencha komadrensa ce, ita ta riƙe 'yarsa Sasil a bikin ɗora jariri a ƙugu, kuma tsakanin kompadre da komadre, wato uban yaro da wadda ta riƙe masa shi a bikin, ba a ɗaga murya, ba a baƙar magana, ko a bayan ido. Ƙyashin sai ya rasa ƙofar fita, ya zauna a ciki yana tsami.

Tun a bikin nan abin ya soma. Sasil tana wata uku, aka shirya teburi, aka jera abubuwan da ake so hannun yarinya ya saba da su. Remigio ya ajiye littafi da fensir a gaba-gaba, inda ba za a tsallake su ba. Chencha ta ɗora yarinya a ƙugu, tana zagaya teburin tana damƙa mata abu ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, sai ta ga ƙoƙon da ta sha ruwa da shi a gefe, ta ɗauka ta sa mata a hannu, alhali ba ya cikin jerin. Yarinya ta saki fensir, ta rungume ƙoƙo da hannu biyu, ta kai baki. Ɗaki ya ɗauki dariya. Remigio ma ya yi, amma ta yaƙe ce.

Sannan ga wasiƙu. Baƙi sukan aiko wa Chencha kati daga ƙasashensu, ita kuwa ba ta yi makaranta ba. Wa zai karanta mata? Wa ke jin harshe huɗu a unguwar? Da yamma sai ta shigo gidansa da katin a hannu.

"Kompadre, Allah ya ba ka haƙuri, na zo da wata kuma. Wannan da hoton dusar ƙanƙara."

"Kawo, komadre, ai ba komai."

Sai ya gyara tabarau, ya karanta yabon wata da bakinsa, a gaban matarsa. Ya gaya mini yakan rage. In sun rubuta layi goma, sai ya ce, "Suna gaisuwa, sun isa gida lafiya." Ita kuma sai ta juya katin ta ce, "Duk wannan rubutun gaisuwa ce kawai? Mutanen nan da tsawaitawa suke." Ta yi godiya ta tafi. Har yau bai san ko ta gane ba.

Doña Chencha, ke ce kika tsaya a wurin da kowa ke toshe hanci ya wuce, kika mai da shi wurin da ake tsayawa a gaisa. Ba ki san shekarar da aka gina dala ba, amma kin san minti nawa tsoho zai iya yi a gabanta da tsakar rana. Uwar baƙi, mai bokiti biyu. Ko da wanda ke karanta miki wasiƙa yana cin rabi, rabin da ya rage ya ishe ki, ba ki taɓa neman cikon ba.

Akwai wata dabara tata da ba kowa ya sani ba sai mu na gida. Chencha tana riƙe fuskar duk wanda ya shiga ban ɗakinta. Ayarin da ya shigo ƙarfe tara, in har rana ta take ba ta ga rabinsu sun dawo wajenta ba, ta san ba su sha ruwa ba, sai ta aika wa jagoransu ya tsayar da surutu ya kai su inuwa. 'Yan jagora da yawa sun gode mata a kan wannan. Remigio kuwa a nan ne ta taka masa inda yake ciwo, ba tare da ta sani ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya ɗauki wasu malaman jami'a daga Faransa, irin baƙin da yake mafarki, masu rubuta abin da ya faɗa. Ya fito daga ban ɗaki yana goge hannu, sai ta ɗaga murya kamar tana kiran kaji.

"Kompadre, yau sau ɗaya tak? Haba! Ƙara shan ruwa, ƙodarka ba ta jin Faransanci!"

Direban motarsu ya fassara musu. Malaman suka yi ta dariya har ɗaya ya rubuta a littafinsa. Daga ranar Remigio ya ɗauki alkawari da kansa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Hanyar cika alkawarin kuwa ɗaya ce: kada ya sha komai. Kofi ɗaya da asuba, shi ke nan sai ya koma gida. Yakan ce wa kansa ai shi ɗan ƙasa ne, kakanninsa a cikin wannan rana suka ɗora duwatsun nan, rana baƙo take kayarwa. In zai shiga da ayari sai ya bi ta ɗaya gefen, ya ɗaga mata hannu daga nesa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Sasil. Ta girma, ta yi karatu, ta karɓi katinta na jagora shekara shida da suka wuce. A ranar ya kira ta ɗaki, ya miƙa mata littattafai tara da ya cika da rubutun hannunsa, duk abin da ya tara tun yana saurayi. Ta karɓa, ta ce ta gode, daga nan bai sake jin ta ambace su ba. Ya je gidanta ya faki ido ya duba kanta, ba su nan. Abin da yake gani kullum shi ne 'yarsa ta jera ayarinta a ƙofar ban ɗaki, Chencha tana bin ƙafafunsu da kallo, sannan su wuce. Kuma ba ta buɗe baki sau uku ba tare da ta ce "Inna ta ce" ba, don haka take kiran Chencha.

Wata Lahadi suna cin abinci ya kasa daurewa.

"Na ji ki jiya a gindin dala. Minti biyar kika yi musu, kika ja su. Minti biyar! Ni a wurin nan rabin awa nake yi."

"Baba, ƙarfe ɗaya ne fa. Inna ta ce bayan sha biyu kada a tsayar da mutum a fili."

"Inna ta ce. To Inna ta ce miki matakala nawa ne a kowane gefe?"

"Baba, ci abincinka, yana hucewa."

"Nesa suka taso don su ga tarihi, ba don su ga inda ake fitsari ba."

"Ai in sun faɗi ba za su ga ko ɗaya ba."

Ya ajiye cokali. Matarsa ta harare shi, ya tuna wadda yake shirin zagi komadrensa ce, ya haɗiye sauran. Amma a zuciyarsa ya gama yanke hukunci: ya haifi 'ya, ya yi mata hidimar karatu, mai mofa ta zo ta ɗauke. Tsoronsa shi ne ya mutu ba wanda ya gaje shi, abin da ya sani ya bi shi rami.

Sai ranar ashirin da ɗaya ga Maris ta bana, ranar da inuwa ke sauka a matakalar dala kamar maciji. Mutane suka cika kufai har ba masaka tsinke. Zafin ranar kuwa ko damo ya nemi rami. Remigio, da shekara sittin da uku a kansa, ya riga ya zagaya da ayari biyu tun safe, ƙarfe ɗaya ya karɓi na uku, waɗanda za su jira inuwar har yamma. Yana jera su sai ga Chencha ta taho da ƙoƙo a hannu. Duk wanda ya san ta ya san a irin wannan rana ba ta motsawa daga ƙofarta, layin yakan kai har wajen masu tikiti. Ta dama ƙullun masarar nan da ruwa, ta barbaɗa gishiri, abin da muke kira posol.

"Kompadre, leɓenka ya tsage. Karɓi ka sha."

A gaban baƙinsa, a gaban sauran 'yan jagora.

"Na gode, komadre, na ƙoshi. Ki koma, jama'arki na jira."

"Kowa bayansa a jiƙe yake, taka rigar a bushe. Ba na son wannan."

"Guga ce mai kyau, komadre. Allah ya saka."

Ya juya ya ɗaga 'yar tutarsa, ayari ya bi shi. Bai ga lokacin da ta kira Sasil ta yi mata raɗa ba. Abin da ya gani kawai, duk inda ya tsaya sai ya hango 'yarsa da nata ayarin a gindin itacen da ya fi kusa. Ya ce a ransa, wato ta zo ta nuna wa baƙina yadda ake yi. To bari ta ji yadda uba ke aiki. Ya kai su tsakiyar fili, inda ko inuwar tsinke babu, ya buɗe baki. Ya yi musu lissafin kwanakin shekara, ya yi musu na taurari, ya shiga abin da ya yi shekaru bai faɗa ba. Can sai ya ga suna kallon juna. Ashe ya bar Ingilishi ya koma Jamusanci, ya bar Jamusanci ya koma harshen kakarsa, bai sani ba. Ya ɗaga hannu zai tafa. Iyakar abin da ya tuna ke nan.

Sauran daga bakin masu tebur na ji, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Sasil ta riga kowa isa, ta ja shi zuwa inuwa tana ihu. Kafin ma'aikatan lafiya su keto jama'a, sai ga Chencha a guje, mace mai shekara sittin da bokiti biyu cike da ruwa, takalmi ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Ta bar layi, ta bar ƙofa a buɗe. Ta cire masa katin wuya ta jefa wa Sasil, ta ɓalle farar rigar nan, maɓallai suka watse. Ta jiƙa tsummoki ta cusa masa a hammata da wuya, ta kwarara masa sauran, ta sa masu malafa huɗu suna yi masa fifita. Ba ta bari an ɗura masa komai ba sai da ya buɗe ido ya gane ta, sannan ta ba shi posol ɗin da ya ƙi, kurɓi-kurɓi. Da ma'aikatan suka iso suka sa masa ƙarin ruwa, babbansu ya ce da an ƙara minti goma, da wata maganar ake yi.

Kalmar farko da ta fito daga bakin Remigio ita ce, "Baƙina."

Sasil tana kuka ta ce, "Baba, bar zancen baƙi."

Chencha ta ce, "A'a, kada ki bari. Tashi ki share ido ki haɗa su da naki. In ya ga sun watse, wannan ne zai ƙarasa shi. Ina nan tare da shi."

Motar da za ta kai shi asibiti ta maƙale a cikin jama'a, don haka ya kwanta a gindin itace, ba riga, jiƙe sharkaf, mutanen da ya yi shekara talatin yana yi wa taƙama suna leƙensa. Kunya ta ishe shi har ya rufe ido. Da ya rufe ido sai kunnensa ya buɗe. Muryar Sasil ce, taku ashirin daga inda yake, ta tara ayari biyu a inuwa. Ta ɗauko daga daidai inda ya tsaya. Kalmominsa ne, jerinsa ne, har ɗan shirun da yake yi kafin ya faɗi adadin matakala. Ta yi barkwancinsa na firist da agwagwa, aka yi dariya a inda ake yi masa. Sannan ta kawo wani bayani a kan sassaƙar filin ƙwallo wanda shi kansa ya manta ya taɓa rubutawa, yana cikin littafi na bakwai.

Ya juyo da kai da ƙyar.

"Komadre, a ina ta koyi wannan?"

"A bayan ban ɗaki, a kan bokiti a kife. Kullum lokacin shan posol, shafi biyu. Mun zagaye tara ɗin sau uku."

"Littattafaina suna wajenki?"

"Suna cikin akwatin sabulu, na naɗe su da leda. Ni na ce ta kawo. Rubutunka dai kamar kaza ta yi tono, amma akwai magana a ciki."

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Kai ɗin? Da ta faɗi layi ɗaya ka gyara mata uku. Tsoron bakinka take ji, ba raina ka ta yi ba."

Ta sake jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi. Can ya ce, "Ke kuma me za ki yi da su?"

"Ji nake so in yi. Kai kana shiga sau uku a rana, ka fito kana hura hanci. Ni iyakata ƙofa. In ka wuce da baƙi ina jin suna dariya daga nesa, in ce ko me ya gaya musu? Wallahi har haushinka nake ji."

"Haba, komadre. Shekara talatin da huɗu, ai kin shiga."

"Na leƙa, in an ɓatar da yaro ko wani ya faɗi kamar yadda ka yi. Ido a ƙasa nake shiga, ido a ƙasa nake fita. Macijin nan da duniya ke zuwa gani, ban taɓa ganinsa ba. Ranar ce layina ya fi tsawo."

"Ai da kin ce in zagaya da ke."

"Da wane baki zan roƙe ka? Shekara goma sha biyu kana kewaye ƙofata."

Remigio ya ce mini allurar da ke hannunsa ba ta yi masa zafin wannan maganar ba. Mota ta iso, aka ɗauke shi. Ita kuma ta tsinci takalminta, ta kwashi bokitanta ta koma, domin layi bai san an yi wani abu ba. A ranar ma ba ta ga macijin ba.

Washegarin ranar da ta ajiye aiki, ƙarfe takwas saura kwata, aka ga Don Remigio a ƙofar ban ɗaki da malafa biyu da manyan robobin ruwa. Ya ƙi karɓar ayari ranar, ya ce yana da babbar baƙuwa. Sasil ta riƙe lema. Chencha ta zo da rigarta ta zuwa coci, ta dubi ƙafafunsa, ta ce takalmin ya yi santsi amma za ta yi haƙuri. Zagayen awa biyu sai da ya ci biyar. Ta tsayar da shi a kowane gini, ta yi masa tambayoyin da malaman Faransa ba su yi ba: ina matan suke girki, wa ke ɗebo wa magina ruwa, ina suke zagayawa in ta matse su. Biyu daga ciki bai san amsarsu ba, kuma a gaban 'yarsa ya ce bai sani ba. A gaban dala ya ce ta tafa da kanta. Ta tafa, kukan ya dawo, ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe abin da suke wa ihu ke nan!" Ta sake tafawa har sau shida.

Kada mai karatu ya ɗauka Remigio ya warke sarai. A wannan zagayen ma kowane mai tebur sai ya taso ya gaishe ta, wasu baƙi da suka taɓa zuwa suka gane ta suka nemi hoto, aka miƙa masa wayar ya ɗauka. Ya ce mini abin ya sosa masa rai kamar da, bambancin kawai yanzu yana iya faɗa da baki. Ya kuma roƙe ni in rubuta cewa kafin Satumba, lokacin da inuwar ke sake saukowa, ya riga ya zaɓa mata wurin zama inda macijin ya fi fitowa, in gajimare ya bari.

Doña Chencha, mun gode. Mun gode a madadin dunduniyoyin da ba su sale ba, da tsofaffin da suka koma ƙasashensu da ƙafarsu, da uban da kika riƙe wa 'ya kika mayar masa da ita cike da maganarsa. Ke ce kika ji ƙyashi kamar kowa, amma naki bai hana ki gudu da bokiti ba. Allah ya ba gwiwoyinki hutu.

Ku da za ku zo kufan nan, ku zo da wuri, ku zo da malafa da tsohon takalmi, ku sha ruwa tun ba ku ji ƙishi ba, kuma in kun shiga ban ɗaki ku dubi fuskar mai riƙe da mofa ku gaishe ta. Ku da aka ba ƙaramin aiki a bakin wata ƙofa, ku ɗaga ido ku dubi masu wucewa, akwai abin da ku kaɗai za ku gani. Wanda kuma ya san akwai ƙofar da yake kewayewa saboda abin da ke cin zuciyarsa, ya daure ya bi ta nan gobe da safe, tun mai ƙofar tana tsaye a wurin.